Kwalba Mai Duhu: Tarihin Tsare Maganin Rigakafi daga Hasken Rana a Arewacin Togo

A ranar awon jarirai a ɗakunan shan magani na ƙasar Togo, tun daga Kambole kusa da iyakar Benin har zuwa Dapaong can arewa, ma'aikacin lafiya yakan buɗe akwatin sanyi ya fito da ƙananan kwalabe iri biyu. Waɗansu farare ne garau, ana ganin abin da ke ciki. Waɗansu kuwa masu duhu ne, launinsu kamar na zumar da ta daɗe. A cikin masu duhun nan ne ake zuba maganin rigakafin tarin fuka, wanda ake kira BCG, da na ƙyanda. Iyaye mata da yawa sun ga wannan bambanci, amma kaɗan ne aka taɓa gaya musu dalilinsa.

Dalilin kuwa shi ne, haske yana kashe waɗannan magunguna, yana kuma kashe su ba tare da ya bar alama ba. Maganin da rana ta lalatar ba ya sāke launi, ba ya wari, ba ya tsinkewa. Za a yi wa yaro allura, a rubuta a katinsa, uwarsa ta koma gida da kwanciyar rai, alhali kuwa yaron yana nan ba kariya. An ɗauki shekaru masu yawa kafin a gane wannan sarai, aka kuma ɗauki waɗansu kafin ganewar ta zama ƙa'idar aiki a ƙauye.

Hanyar fatake

Ƙasar Togo siririya ce, doguwa. Daga Lome a bakin teku zuwa Sokode kimanin kilomita 340 ne, zuwa Dapaong kuwa ya fi kilomita 600. Kambole tana gabas da babbar hanya, cikin gundumar Camba, a jihar Tsakiya wadda Sokode ce babban birninta. Duk maganin rigakafin da za a yi wa yaro a waɗannan wurare sai ya shigo ta Lome, sa'an nan ya hau hanya zuwa arewa, inda rana take ƙara ƙarfi, inuwa kuma take raguwa.

Hausawa sun san wannan ƙasa tun kafin zuwan Turawa. Ayarin fatake yakan tashi daga Kano ko Sakkwato, ya haye Kwara, ya bi ta Nikki da Jugu, ya sauka a zangon Didaure, wanda yanzu unguwa ce a Sokode, sa'an nan ya nufi Salaga a ƙasar Gwanja domin sayen goro. Wani reshen hanyar yana bi ta Sansanne Mango a arewa. Zangunan Hausawa da ke garuruwan nan har wa yau, asalinsu ke nan.

Fataken nan sun ƙware a ɗaukar kaya mai rauni. Goro ba ya son rana, ba ya son busasshiyar iska. Saboda haka sukan jera shi cikin huhu, su lulluɓe shi da ɗanyen ganye, su riƙa kwancewa a hanya suna yayyafa ruwa, suna tsince wanda ya ɓaci. Wanda ya yi sakaci zai isa Kano da asara. Amma goro yana da wani alheri guda: idan ya lalace, ido yana gani. Kayan da ya bi wannan ƙasa daga baya, watau maganin rigakafi, ba shi da wannan alheri.

Ruwan lamba a zamanin Jamusawa

Jamusawa sun kafa mulkinsu a bakin tekun Togo a shekara ta 1884, suka kuma buɗe bariki a Sokode a 1898 a ƙarƙashin Hermann Kersting, wanda shi kansa likita ne. Cutar da ta fi ba su tsoro a lokacin ita ce agana. Maganinta kuwa sananne ne tun 1796, sa'ad da Edward Jenner ya nuna amfanin lamba a Ingila. Ruwan lamba ana samunsa ne daga ƙurajen da aka tayar a fatar maraƙi, a cikinsa kuwa akwai ƙwayar cuta mai rai wadda ba ta da haɗari irin na agana.

Wahalar ita ce kai ruwan nan da ransa. Yakan yi makonni a jirgin ruwa daga Jamus. A zamanin Jamusawa layin dogo bai wuce Atakpame ba. Sai a zamanin Faransawa ya kai Blitta, bai kuwa taɓa isa Sokode ba. Sauran tafiyar a kan 'yan dako take. Sau da yawa akan tsaga hannun mutane a shafa ruwan, amma lambar ba ta kamawa. Wannan ya sa likitocin gwamnati, cikinsu har da Ludwig Külz wanda ya yi aiki a Togo a farkon ƙarni na 20, suka koma yin ruwan lamba daga maruƙan ƙasar, domin tafiyar ta gajarta.

Zafi ne babban abokin gāba a wannan zamani, amma masana sun riga sun san yana da abokin tafiya. A 1877 waɗansu Ingilishi biyu, Arthur Downes da Thomas Blunt, suka jera kwalabe masu ruwan da ƙwayoyin cuta suke tsira a ciki, suka rufe waɗansu, suka bar waɗansu a rana. Waɗanda aka rufe suka gurɓace da ƙwayoyi, waɗanda suka sha rana kuwa suka zauna garau. A 1890 Robert Koch, Bajamushen da ya gano ƙwayar tarin fuka, ya sanar cewa hasken rana yana kashe ta. Mutane suka karɓi wannan labari da murna, gama ya tabbatar da abin da tsofaffi suka sani, cewa shanya tabarma da tufafin majiyyaci a rana yana da amfani. Sai dai rana ba ta bambanta ƙwayar da take kawo cuta da wadda likita ya hore ta domin ta hana cutar.

Ƙaro da inuwa

Jamusawa sun rasa Togo a watan Agusta na 1914, gabashin ƙasar kuma, har da Sokode da Dapaong, ya koma hannun Faransa. A 1939 masana na Cibiyar Pasteur da ke Dakar suka fito da hanyar yin rigakafin zazzaɓin shawara ta tsaga fata, kamar yadda ake yin lamba. Maganin busasshen gari ne. A wurin aiki akan dama shi da ruwan ƙaro, sau da yawa a haɗa shi da na agana, a ɗiga a dantse, a tsaga fatar kaɗan. Ƙaron yakan bushe ya riƙe maganin a kan tsagar. Daga 1941 aka mai da wannan rigakafi tilas a ƙasashen Faransa na Afirka ta Yamma, aka yi wa miliyoyin mutane.

Cikin ƙa'idodin aikin akwai wadda ta shafi rana. An umarci ma'aikata su yi aikin a inuwa, su kuma tsai da waɗanda aka yi wa a inuwar har ƙaron ya bushe, domin kada rana ta kashe maganin a kan fata kafin ya shiga jiki. Daga baya aka daina wannan magani na Dakar, domin ya jawo ciwon ƙwaƙwalwa ga waɗansu ƙananan yara, aka koma ga wani da ya fi shi sauƙi a jiki. Amma al'adar tara jama'a a gindin babban itace ranar rigakafi ta zauna.

Abin da aka gano a 1952

Albert Calmette da Camille Guérin, Faransawa biyu, su ne suka hore ƙwayar tarin fuka ta shanu har ta yi laushi, aka fara ba ɗan adam ita a 1921. Sunayensu ne ke cikin haruffan BCG. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu tarin fuka ya yi yawa, sai UNICEF da ƙungiyoyin agaji na Danmak da Norwe da Suwidin suka haɗa kai. Daga 1948 zuwa 1951 suka yi wa mutane kusan miliyan 14 allurar BCG a ƙasashe 23. A lokacin maganin ruwa ne, kwanakinsa kaɗan ne, ana kuma zuba shi cikin farar kwalba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta buɗe ofishin binciken tarin fuka a Kopenhagen a 1949 domin ya bi sawun wannan babban aiki. A nan ne wata likita Ba'amurkiya, Lydia Edwards, tare da Knud Tolderlund na ɗakin da ake yin maganin, suka gwada abin da rana take yi masa. Suka ajiye waɗansu kwalabe a rana, waɗansu a duhu, suka ƙirga ƙwayoyin da suka ragu da rai, suka kuma duba yadda jikin yara ya amsa. Rahotonsu ya fito a 1952. Ya nuna cewa ɗan lokaci kaɗan a rana yana kashe ƙwayoyin da yawa ƙwarai, tabon da allurar take bari yana ƙanƙancewa, amsar jiki kuma tana raunana. Binciken da ya biyo baya a shekarar ya nuna cewa ko hasken sarari ma, inda rana ba ta bugun kwalbar kai tsaye, yana yin ɓarna.

Wannan ya girgiza masu aikin, gama kwalbar tana iya zama da sanyinta a kan ƙanƙara, amma idan a fili take, maganin yana mutuwa. Daga nan masu yin BCG suka koma zuba shi cikin gilashi mai launi. Asalin kwalba mai duhu ke nan.

Yadda ɓarnar take aukuwa ba shi da wuyar fahimta. Maganin rigakafi mai rai yana aiki ne idan ƙwayar da aka hore ta hayayyafa kaɗan a jikin yaro, har jikin ya san ta, ya shirya mata. A cikin hasken rana akwai wani sashe wanda ido ba ya gani, shi ne yake ƙona fata, yake kuma koɗar da launin atamfa. Wannan sashe yana ratsa farar kwalba, ya lalata tsarin gādo da ke cikin ƙwayar, har ta kāsa hayayyafa. Gilashi mai duhu yana tare yawancinsa. Ɓarnar kuma taruwa take yi: kaɗan a ɗakin ajiya, kaɗan a hanya, kaɗan a kan tebur. Mai da kwalbar cikin firji ba ya ta da abin da ya riga ya mutu.

Ƙyanda

A Afirka ta Yamma ƙyanda, wadda waɗansu ke kira baƙon dauro, tana cikin manyan masu kashe yara. Wanda ya fara nuna wa duniya girman abin da ƙididdiga shi ne David Morley, likitan yara a asibitin mishan na Wesley Guild da ke Ilesha a Nijeriya, wanda ya bi rayuwar yaran ƙauyen Imesi-Ile shekara da shekaru. John Enders da Thomas Peebles sun kama ƙwayar cutar a Amurka a 1954, a 1960 kuma aka gwada sabon maganin rigakafinta a Ilesha, shekara uku kafin a ba da izinin sayar da shi a Amurka.

Maƙwabciyar Togo ta arewa, wadda a lokacin ake kira Haute-Volta, watau Burkina Faso ta yau, ita ce ta fara yin aikin a faɗin ƙasa. Ministan lafiyarta, Paul Lambin, ya roƙi a kawo maganin. Daga Nuwamba 1962 zuwa Maris 1963 ƙungiyoyin da Harry Meyer ya shirya suka yi wa yara fiye da 700,000 allura. Dapaong kuwa tafiyar ɗan lokaci ce daga wannan iyaka. A wannan shekara ta 1962 ne masana biyu a Amurka, Cutchins da Dayhuff, suka buga binciken da ya nuna cewa haske yana kashe ƙwayar ƙyanda idan tana cikin ruwa. Ashe sabon maganin yana da raunin BCG, ga kuma rashin jure zafi.

A 1967 aka fara babban shirin kawar da agana da rage ƙyanda a ƙasashe 20 na Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, da taimakon Amurka. Togo tana ciki, tana kuwa cikin waɗanda agana ta fi damu a shekarun nan. Ma'aikata suna yawo ƙauye ƙauye da bindigar allura wadda ake takawa da ƙafa, ɗauke da magunguna biyu masu hali dabam. Na agana, wanda aka busar bisa ga hanyar da Leslie Collier ya kyautata a Ingila, yana iya yin wata guda cikin zafin digiri 37 bai mutu ba. Na ƙyanda kuwa sai da sanyi, idan kuma aka dama shi, sai a ɓoye shi daga rana, a yi aiki da shi nan da nan.

Sakamakon ya bambanta. Agana ta ƙare a Togo a 1969, aka ga na ƙarshenta a wannan yanki a Nijeriya a watan Mayu na 1970, a 1980 kuma aka sanar an kawar da ita daga duniya. Ƙyanda kuwa takan lafa bayan wucewar ma'aikata, sa'an nan ta komo. Dalilan suna da yawa. Ana haihuwar yara da sauri, ƙungiyoyin kuma ba sa komowa sai bayan shekara biyu ko uku. Amma raunin maganin yana cikin dalilan, gama wanda ya mutu a hanya, ko a kan tebur, ba ya tsare kowa.

Sarƙar sanyi

Daga wannan darasi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa shirin rigakafi na kullum a 1974, domin cututtuka shida: tarin fuka, ƙyanda, shan-inna, tarin shiƙa, mashaƙo da sandarewar jiki. Togo ta fara nata a 1980, ana kiransa PEV bisa ga sunansa na Faransanci. Morley yana cikin waɗanda suka matsa wa Hukumar ta kula da yadda magani yake tafiya. Daga 1976 John Lloyd da abokan aikinsa suka shiga gwada akwatunan sanyi da firji, Ghana kuwa tana cikin wuraren gwajin na fari. Aka sa wa tsarin suna sarƙar sanyi, domin idan zobe ɗaya ya tsinke, sauran ba su da amfani.

Ga yadda sarƙar take ga yaron Kambole. Magani yana sauka daga jirgin sama a Lome, ya shiga babban ɗakin sanyi. Daga nan mota ta kai shi ma'ajin jiha a Sokode, daga Sokode zuwa ma'ajin gunduma a Camba, daga Camba zuwa firjin ɗakin shan magani, inda ake riƙe shi tsakanin digiri 2 da 8. Zobe na ƙarshe shi ne ɗan akwati mai madauri, da fakitin ruwa mai sanyi a gefensa huɗu, ɗaure a bayan babur ko keke, zuwa ƙauyukan da ba su da firji. Yaron Dapaong ma haka ne, sai dai tafiyarsa ta fi nisa.

A kowane zobe akwai ƙa'idar haske. Ana barin kwalabe cikin kwalinsu har ranar aiki. Ba a kafa firji inda rana take shigowa ta taga. Ba a barin BCG ko maganin ƙyanda a ƙarƙashin dogon ƙwan lantarki mai farin haske, gama shi ma yana fid da irin hasken nan mai ɓarna. A hanya ba a ajiye akwati a rana, ba a kuma buɗe shi sai da dalili. A wurin aiki akwai wani soso mai tsagi a bakin akwatin. Kwalbar da aka dama ana cusa ta cikin tsagin, ta sami sanyi daga ƙasa, sosan kuma ya tare haske. Ba a ɗura allurai da yawa a jera su suna jiran yara, domin jikin sirinji fari ne, duhun kwalba ba ya binsa. Hazon hunturu ko gajimare bai isa kariya ba.

Akwai kuma ƙa'idar sa'a shida. BCG da maganin ƙyanda busasshen gari ne, suna da ɗan ƙarfi muddin suna bushe. Da zarar an zuba musu ruwan haɗinsu, rauninsu ga zafi da haske yakan ƙaru ƙwarai, ba su kuma da abin da yake hana ƙazanta tsira a ciki. Saboda haka abin da ya ragu bayan sa'a shida, ko bayan an tashi daga aiki, zubarwa ake yi. Wannan yana da ciwo ga ma'aikacin da ya buɗe kwalbar mutum goma saboda yara uku, amma ajiye ragowar zuwa gobe haɗari ne ga rai.

Zafi ya sami mashaidi

Zafi yana da ma'auni. Tun farkon shirin ake rataye ma'aunin zafi a cikin firji, ana rubuta abin da ya nuna safe da yamma. A 1996 aka ƙara wani abu: ɗan tambari a jikin kwalba, murabba'i mai haske a tsakiyar da'ira mai duhu. Aka fara sa shi a maganin shan-inna, daga baya ya kai ga sauran. Gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, murabba'in yakan riƙa yin duhu. Idan ya yi daidai da da'irar, ko ya fi ta duhu, an san maganin ya tashi daga aiki. Ko wanda bai yi karatu ba yana iya dubawa. Daskarewa ma, wadda take ɓata waɗansu magunguna marasa rai, tana da nata gwaji, ta wurin girgiza kwalba a ga yadda abin da ke ciki yake kwantawa.

Haske ne kaɗai cikin ukun nan ba shi da mashaidi a wurin aiki. Tambarin an yi shi ne domin ƙirga zafi, ba ya ba da tabbacin cewa haske bai taɓa maganin ba. Babu mai duba aiki da zai zo daga Sokode bayan mako guda ya ɗaga kwalba ya ce wannan ta sha rana. Abin da ya ragu shi ne duhun gilashi, da kwali, da murfi, da inuwa, da amincin mai riƙe da akwatin a lokacin da ba wanda yake ganinsa.

Manyan gangami na Togo

An gwada wannan aminci a fili sau da dama. Daga 13 zuwa 19 ga Disamba 2004 Togo ta yi abin da ba ƙasar da ta taɓa yi a faɗinta duka: a mako guda aka ba yara 'yan wata 9 zuwa 59 allurar ƙyanda, da ɗigon shan-inna, da maganin tsutsar ciki, aka kuma raba gidan sauro kimanin 900,000. Dubban 'yan sa-kai na ƙungiyar Red Cross ta Togo suka taimaka. Disamba kuwa rani ne, yawancin wuraren aikin a waje suke, a makarantu da kasuwanni da ƙofar gidan sarki.

A ƙarshen 2006 zazzaɓin shawara ya ɓulla a jihohin Kara da Savanes, a 2007 kuma aka yi wa miliyoyin mutanen ƙasar rigakafinsa da magani mai rai wanda shi ma ake damawa a wurin aiki. A ƙarshen 2014 aka yi gangamin rigakafin sanƙarau da maganin MenAfriVac. An riga an tabbatar cewa wannan magani yana jure zafi har digiri 40 na kwana huɗu, aka fara fita da shi ba ƙanƙara a Banikoara ta ƙasar Benin a 2012, waɗansu gundumomin Togo kuma suka bi wannan hanya. Duk da haka ba a ɗage ƙa'idar rana ba. An cire ƙanƙara daga akwatin, amma aka bar murfin, aka kuma ce a ajiye shi a inuwa.

A shekarun baya-bayan nan firji masu aiki da hasken rana sun maye gurbin na kananzir a ɗakunan shan magani da yawa na karkara. Ranar da take kan jinka tana sanyaya maganin, muddin ba ta gan shi ba.

Abin da ke cikin haɗari

Ko da lafiyayyen magani, allurar ƙyanda da aka yi wa jarirai a wata tara tana kama kimanin 85 ne cikin 100, shi ya sa aka ƙara allura ta biyu. Kafin cutar ta rasa hanyar yaɗuwa a gari kuwa, sai kusan 95 cikin 100 sun sami kariya. Tazarar ƙanƙanuwa ce. Kwalba ɗaya da ta mutu a rana tana iya barin yara goma a buɗe, sunayensu kuwa suna cikin littafi a jerin waɗanda aka tsare.

Asarar ba ta tsaya ga yaran nan goma ba. Idan ƙyanda ta kama yaron da yake da kati, uwarsa za ta ce allurar ƙarya ce, maƙwabtanta kuma za su ji. A shekara mai zuwa layin zai gajarta. Gyaran zuciyar da ta yi shakka ya fi gyaran firji wuya.

Hausawa sun ce tafin hannu ba ya rufe rana. Gaskiya ne, amma ya isa ya rufe kwalba. A nan jama'ar gari suna da rabonsu cikin aikin. Idan an aiko cewa masu rigakafi suna zuwa, mai unguwa, ko shugaban makaranta, ko dattawan majami'a ko na masallaci, suna iya ba da zaure, ko aji, ko rumfa mai rufi. Idan itace ne, sai a zaɓi mai duhuwa kamar mangwaro ko ceɗiya, a kuma tuna cewa inuwa tana tafiya, teburin da yake cikinta da hantsi yana iya zama a rana da azahar. Iyaye su zo da wuri, su zo tare, domin kwalbar da aka dama ta ƙare cikin lokacinta. Uwar da ta ga ma'aikaci yana mai da kwalba cikin soso yana rufe akwati bayan kowane yaro, kada ta ɗauka jan rai yake yi. Yana bin ƙa'idar da aka biya tsadarta tun daga ruwan lambar da ya mutu a kan 'yan dako a hanyar Sokode, domin abin da zai shiga jikin ɗanta ya shiga da ransa.